Ɗigon da Ba Ya Kamuwa: A Daina Yi wa Kare Wasan Leza

A gidan wani maƙwabcina akwai kare mai gadi, irin na makiyayan Jamus. Wata rana yaran gidan suka sayo ƙaramar fitilar leza, irin wadda ake maƙalawa a jikin makulli, suka riƙa haska jan ɗigonta a ƙasa, karen yana binsa kamar zai tashi sama. Maigidan ya ɗauki bidiyo ya tura wa abokai, aka sha dariya. Bayan 'yan makonni fitilar ta lalace, yara suka manta da ita, amma karen bai manta ba. Yanzu wuni yake yi ya ƙura wa bango ido. Gilashin mota ya yi walƙiya, ya zabura. Maigadi ya kunna tocila, ya shiga tonon siminti har faratansa su yi jini.

Matsayina a kan wannan wasa a fili yake: cutarwa ce, kuma duk wanda ya ci gaba da yinsa bayan ya san illarsa ya ci amanar dabbar da ke hannunsa.

Farautar kare jerin matakai ce da aka halicce shi da su. Masanin halayyar karnuka Raymond Coppinger ya zayyana su daki-daki: kare ya hango abu, ya kafa masa ido, ya yi sanɗa, ya bi shi a guje, ya cafke, sannan ya cije. Yayin bi, sinadarin dofamin yana ta ingiza ƙwaƙwalwarsa ta ci gaba da nema. Cafkewar ce ke rufe al'amarin, jiki ya huce. Karen mafarauci da ya kama zomo ya kai ƙarshen zancen. Haka ma wanda aka jefa wa ƙwallo ya dawo da ita a baki. Ɗigon haske kuwa ba shi da jiki, ba shi da ƙamshi, ba a taka shi, ba a cizonsa. Kare ya kai masa bara sau ɗari, sau ɗari ya tashi a tutar babu. Launin ma bai dame shi ba, domin idon kare shuɗi da rawaya ya fi bambancewa, ja ba ya fito masa yadda yake fito mana. Motsin ne ke fizgarsa, kuma wajen gane motsi idonsa ya fi namu kaifi.

A wasu karnukan, wannan neman da ba ya ƙarewa yana rikiɗa ya zama cuta. Likitocin dabbobi suna sanya shi cikin cututtukan maimaita ɗabi'a ba tare da iya dainawa ba, 'yan uwan cutar OCD ta mutane, tare da bin jela da lasar ƙafa har ta yi gyambo. Akwai hannun gado a ciki. A 2010, Nicholas Dodman na Jami'ar Tufts da ke Amurka da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya danganta ƙwayar halittar CDH2 da irin wannan ɗabi'a a karnukan Doberman. Karnukan kiwo irin su Border Collie, waɗanda aka daɗe ana zaɓo su saboda kafa ido da bin motsi, sun yi suna wajen bin haske da inuwa.

Masu kare wasan za su ce ai ba kowane kare ke kamuwa ba. Gaskiya ne. To amma wa zai faɗa maka tun farko ko naka yana cikin masu kamuwa? Caca kake yi da hankalin dabba domin dariyar minti biyar. Wasu su ce motsa jiki ne. Ƙwallo ma motsa jiki ce, kuma ita tana kamuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai kuma mai cewa, "Kare ne fa kawai." Ko a ma'aunin amfani wannan magana ta faɗi: ka kashe kuɗi a kan abinci da allurar rigakafi don ya tsare maka gida, ka wayi gari da mai gadin da hasken tocila kaɗai ya isa ya ɗauke masa hankali daga ƙofa. Ga kuma haɗarin hasken leza ga ido, na karen da na yaran da ke wasa da shi.

Idan ɓarnar ta riga ta auku, da sauran gyara. A fara da hana wasan kwata-kwata, leza ko tocila ko madubi, kuma a sanar da kowa a gidan har da maigadi da baƙi. A daina dariya da ɗaukar bidiyo, domin kulawar da yake samu tana ƙarfafa ɗabi'ar. A guji duka da tsawa, saboda fargaba itace ce a wutar wannan cuta.

Sai a kai shi ga likitan dabbobi, domin ciwon ido ko wani nau'in farfaɗiya na iya yin kama da wannan. Jami'o'in Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da tsangayar likitancin dabbobi. A rage abin da ke tunzura shi: a sauya kwanon ƙarfe mai sheƙi da wanda ba ya walƙiya, a sa labule, a kauda shi daga farfajiya a lokacin da rana ke dukan gilasai.

Mafi muhimmanci, a mayar da shi ga hancinsa. A watsa masa abinci a cikin ciyawa ya nema, a ɓoye nama ya sansano, a fita da shi yawo kullum, a yi wasan jan igiya da jifan ƙwallo, wasannin da ke ƙarewa da abu a baki. Da zarar an ga ya fara kafa ido, a kira sunansa cikin natsuwa, a ba shi wani aiki, a saka masa idan ya juyo. In abin ya yi tsanani, likita na iya haɗawa da magani irin su fluoxetine ko clomipramine, waɗanda kan ɗauki makonni kafin su nuna tasiri. Kada kowa ya saya a kemis ya ba kare da kansa.

Wasu karnukan sukan warware, wasu kuma sauƙi kawai ake samu, a ci gaba da lallaɓa su tsawon rayuwa. Shi ya sa rigakafi ya fi magani. Idan aka sake turo maka bidiyon kare yana bin jan ɗigo, kada ka tura gaba. Ka gaya wa mai shi ya jefar da fitilar, ya sayi ƙwallo.