Na'urar Awo A Makarantun Firamare: A Horar Da Malami Tukuna

Koyar da kimiyya a yawancin makarantun firamare na ƙasar nan ya daɗe da komawa hadda. Malami zai rubuta a allo cewa ruwa yana tafasa a digiri 100, yara su kwafa, su maimaita, su zuba a takardar jarrabawa, alhali kuwa da yawansu za su gama aji shida ba su taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Tun daga shirin UPE na 1976 har zuwa dokar UBE ta 2004, an fi mai da hankali ga cika azuzuwa da yara, aka bar batun gwaji a baya.

A yau kuwa akwai ƙananan na'urori masu jin zafi da haske da ƙara, waɗanda ake haɗa su da wata na'urar ajiye awo. Aikinta shi ne ta riƙa ɗaukar awo da kanta, a ce kowane minti goma, ta adana, sa'an nan a sauke a kwamfuta ya fito da siffar zane mai hawa da sauka. A Ingila, manhajar da aka fara aiki da ita a 2014 ta tanadi cewa yara 'yan shekara 7 zuwa 9 su yi awo da ma'aunin zafi da kuma irin wannan na'ura. A 2016 kuma gidan rediyon BBC ya raba wa yara kusan miliyan ɗaya wata 'yar kwamfuta mai suna micro:bit, wadda ba ta kai tafin hannu ba, tana jin zafi da haske da motsi, ƙananan batura biyu kuma sun ishe ta.

Babban amfanin na'urar shi ne tana gani a lokacin da yaro ba ya nan. Ba wanda zai kwana a aji yana duba ma'auni, amma idan aka bar ta a taga a lokacin hunturu, da safe yara za su ga da idonsu cewa sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana. Haka nan idan aka sa bakin ma'auni cikin kofin ƙanƙara, za su ga awo ya tsaya a sifiri har sai ƙanƙarar ta gama narkewa, kana ya fara hawa. Yaron da ya ga wannan zai tambayi dalili, tambayar kuwa ita ce mafarin kimiyya.

Ba sai an je nesa neman abin gwaji ba. Kowane yaro ya san ruwan randa ya fi na roba sanyi. Dalili shi ne ruwa yana tsattsafowa ta jikin tukunyar ƙasa, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Da wannan hikima ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ajin da ya sa ma'auni ɗaya a randa, ɗaya a roba, ya kwatanta awon yini guda, ya yi kimiyya ta gaske.

Amma fa akwai abin tsoro. An sha ganin kayan aiki da aka saya da kuɗin jama'a suna kulle a ofishin hedimasta, saboda ba wanda ya iya sarrafa su, ko kuma don gudun a ce malami ya biya idan suka lalace. Idan aka mai da wannan batu harkar kwangila, to, haka za a ƙare. Bugu da ƙari, yaron da bai taɓa karanta ma'auni da kansa ya zana awo a takarda ba, zanen kwamfuta ba zai gaya masa kome ba. Dole ya fara da hannu da fensir, na'ura ta biyo baya.

Saboda haka ya kamata hukumomin ilmin firamare na jihohi su fara da malami. Kwalejojin ilmi da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna su sa wannan aiki cikin horonsu, ta yadda malami zai gwada da hannunsa kafin ya tsaya gaban yara. Sa'an nan a fara da makarantu kaɗan a kowace ƙaramar hukuma, a ware kuɗin batura da gyara, a kuma tanadi kwamfuta ko da guda ce mai aiki da hasken rana. Masu duba makarantu kuwa, in sun zo, littafin awon yara za su nema su gani.