Guringuntsin Gwiwa: Shin Ana Iya Gyara Shi?



A unguwar Gangare da ke Jos, kamar sauran unguwanninmu, za ka ga dattijon da ya koma yin sallah a kan kujera, ko matashin da ya bar ƙwallo saboda gwiwa. Mukan ce sanyin Jos ne, amma sau da yawa guringuntsi ne ya lalace.

Guringuntsi shi ne farin abu mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙashi a cikin gaɓa, kaurinsa a gwiwa milimita 2 zuwa 4. Babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa ƙashi kan warke bayan karaya, shi kuwa da wuya ya cike gurbinsa. Ɗori ko tsaga ba za su tsirar da shi ba.

A 1994 likitocin ƙasar Suwidin, Mats Brittberg da Lars Peterson, suka bayyana wata dabara: a ɗebo ƙwayoyin guringuntsin majiyyaci, a raine su su yawaita, a mayar cikin raunin. Daga baya aka ƙara da wata 'yar raga da ake shimfiɗa ƙwayoyin a kanta, kamar yadda kabewa ke bin rumfa. Sannu a hankali ragar takan narke, sabon guringuntsi ya maye gurbinta. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan raga mai suna MACI. Daga jikin alade ake samo ta, wasu kuma daga wasu sinadarai, don haka wanda zai fita waje neman magani ya tambayi asalinta.

Sai dai aikin na ƙaramin rauni ne, musamman ga masu sauran ƙuruciya. Ba ya warkar da amosanin gaɓa da ya cinye gwiwa gaba ɗaya, ga tsada, ga watannin gashi.

Idan gwiwa ta kumbura ko tana sarƙewa bayan faɗuwa, a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A rage ƙiba, domin duk kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. A kuma guji yawan shan maganin ciwon jiki barkatai, yana illa ga ciki da ƙoda.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.