A Bar Wa Hanya Wurinta a Dawanau

Duk wanda ya biyo hanyar Katsina daga Ƙofar Ruwa, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa har Dawanau, da ƙyar zai nuna inda birni ya ƙare, ƙauye ya soma. Iyayenmu sun san wuraren nan gonaki ne, ana kawo musu taki daga birni a kan jakuna. Tun da aka kafa kasuwar hatsi a 1985, jama'a suka yi ta kwararowa, gero ya ba bulo wuri. Mun gode wa Allah don wannan albarka, gama da yawa daga cikinmu da kuɗin kasuwar nan ake biya mana makaranta.

Amma akwai abin da yake damunmu, wato awon igiya. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka fuloti fuloti. Tun da yake hanya ba ta kawo ko kwabo, sai a bar mata ɗan siririn lungu. Maƙwabcinsa kuma ya yanka tasa gonar yadda ya ga dama, bai duba inda lungun wancan ya nufa ba. Sai ka bi layi ka yi karo da katanga. Burtalin da shanu da masu zuwa rijiya suke bi tun kaka da kakanni ma an haɗiye shi. Ɗalibin da ke jin ƙararrawar makaranta daga ɗakinsa sai ya zagaya ta bakin titi, ya kutsa tsakanin tireloli, sa'an nan ya sha bulalar makara.

Makara ƙaramin abu ne. Da damina mun ga an ɗauko mai naƙuda a baro, domin mota ba ta iya shiga layinsu. In gobara ta tashi fa, ta ina motar kashe wuta za ta bi?

Waɗansu za su ce talaka ba shi da halin sayen filin gwamnati, awon igiya ne gatansa. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, ga kuma hukumar KNUPDA mai tsara birni, amma gini yana riga awo zuwa. Duk da haka barin hanya ba ya bukatar takarda daga Kano. Maƙwabta biyu su zauna gaban mai unguwa kafin a ja igiya, kowa ya saki ƙafa goma, layi ya haɗu da layi har ya ɓulle.

'Yan'uwa a ikilisiya masu shirin sayen fili, muna roƙonku kafin ku ba da kafin alƙalami ku taka layin da ƙafa har ƙarshensa. In katanga kuka tarar, ku tambayi dillali ta ina za a fita.