Gadar Tower ta Landan: A Bar Wa Jirgi Hanyarsa

A birnin Landan, bisa kogin Thames, akwai wata gada mai suna Tower Bridge wadda kan rabe biyu daga tsakiya, kowane ɓangare ya ɗaga sama, jirgin ruwa ya shige, sa'an nan ta koma ta haɗe. An soma gininta a 1886, aka buɗe ta a 1894, domin jama'ar gabashin birnin suna bukatar ƙetarewa, alhali manyan jiragen kaya kuma suna bukatar isa matsayarsu. Da ƙarfin tururi ake ɗaga ta a dā, tun 1976 kuwa sai da lantarki da mai.

Dokar Majalisa ta 1885 ta fifita jirgi bisa abin hawa na tudu. Har yau duk mai babban jirgi da ya ba da sanarwa awa 24 kafin zuwansa, za a ɗaga masa ita, ba ya biyan ko kwabo. A 1997 ayarin motocin Shugaba Bill Clinton na Amurka ya rabe biyu saboda an buɗe wa wani jirgi. Doka ba ta san babban baƙo ba!

To, mai ƙorafi zai ce zamani ya juya. A shekararta ta farko an ɗaga ta fiye da sau 6,000, yanzu kuwa wajen sau 800 ne, yawanci don jiragen yawon shaƙatawa. Don me dubban ma'aikata za su tsaya jira? Ga shi kuma a 2020 da 2021 ta maƙale a buɗe, hanya ta cunkushe.

Mun ji, amma ba mu yarda ba. Jiran 'yan mintoci bai kai a hana manyan jirage shiga tsakiyar birni ba. Ran da aka daina ɗaga ta, injinanta za su yi tsatsa, gwanayen sarrafa su su ƙare ba magaji, ta zama abin ɗaukar hoto kawai. Aiki ne ya raya ta, tare da wani asusu mai shekara fiye da 700 da ke biyan kuɗin gyaranta.

Mu da ofisoshi ke jira gobe, sai mu riƙe wannan: kafin mu sa hannu a rushe tsohon gini don faɗaɗa titi, mu tambaya ko akwai aikin da zai iya ci gaba da yi, da kuma asusun da zai riƙe shi.