Jan ido guda: kada a nemi maganinsa a tire

Ƴan uwa ƴan kasuwa, iyayenmu mata, daga Kasuwar Dole ta Damagaram har Katako ta Yamai, da ido muke auna tiya, da shi muke ƙirga canji. Amma da ya yi ja sai mu ce apolo ne, mu kira mai tallar magani a tire ya ba mu na ɗigawa.

To, ba kowane jan ido ne apolo ba. Apolo kan kama ido biyu, ya wuce cikin kwanaki. Akwai wata ƙwayar cuta, herpes, wadda ke fid da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta kusan mutum 2 cikin 3 na ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita. Idan ta shiga jiki sai ta kwanta cikin jijiya har ƙarshen rayuwa. Zazzaɓi, zafin rana ko gajiya kan tashe ta, wani lokaci ta sauka a ido. Galibi ido guda take kamawa: ya yi ja, yana zafi da hawaye, ba ya son haske, gani ya dushe.

Nan haɗarin yake. Wasu magungunan ɗigawa suna da sinadarin kortizon, kamar dexamethasone. Suna kwantar da jan, mutum ya ɗauka ya warke, alhali gyambon da ke kan baƙin ido faɗaɗa yake yi. Ƙarshenta hakiya, ko idon ya tsiyaye. Man tetracycline kuwa ba ya kashe wannan ƙwaya.

Maganinta yana nan, aciclovir, na shafawa sau 5 a yini ko na haɗiya. Amma likitan ido ne zai ɗiga ruwa mai launi, ya haska, ya ga gyambon, sannan ya rubuta. A cika kwanakin da ya faɗa, a koma idan ciwon ya dawo, don yakan dawo.

Mun san barin rumfa yini guda asara ce. Amma cinikin yini ana mayar da shi, ido kuwa babu na sayarwa. Kada a zuba nono ko ruwan ganye, kada a yi tarayyar kwalli da mai ciwon. Sarakunan kasuwa da shugabannin mata su faɗakar, hukuma ta sa ido kan masu tallar maganin ido. Allah ya tsare mana ganinmu.