RA'AYINMU: MAI SAYE BA ƁARAWO BA NE

Ya zama ruwan dare a manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja, mutum ya biya kuɗin kayansa, ya karɓi rasit, amma da ya iso bakin ƙofa sai mai gadi ya tare shi ya ce sai ya buɗe leda, wani lokacin ma har da jakar matar aure a bainar jama'a. Akasarin 'yan'uwa sukan miƙa wuya ne bisa zaton cewa doka ce ta wajabta haka. To, ba haka al'amarin yake ba.

Ba mu musun cewa ana yi wa masu kanti sata, kuma babu laifi su roƙi a nuna rasit cikin ladabi. Amma da zarar ciniki ya faɗa an biya kuɗi, kaya sun zama mallakar mai saye. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam a sashe na 34, da 'yancinsa daga tsarewa ba bisa ƙa'ida ba a sashe na 35, da sirrinsa a sashe na 37. Mai gadi ba ɗan sanda ba ne. Idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin sata, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yarda ya kama mutum, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Dokar ta kuma tanadi cewa a yi caje cikin mutunci, mace ta caje mace, sai fa in lalura ta hana.

Shari'ar Musulunci ta riga su. A wurin malaman fiƙihu, asalin mutum kuɓutacce ne daga tuhuma, kuma kawo hujja yana wuyan mai da'awa. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta yi hani ga yawan zato da bin diddigin asirin mutane.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da su nuna rasit idan an roƙa. Idan aka matsa sai an caje jiki ko jaka, su tambayi dalili cikin natsuwa, su nemi manaja, ko su ce a kira 'yan sanda, kada su yi hayaniya. Wanda aka wulaƙanta yana iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ko ya garzaya kotu. Masu kantuna kuwa su ji tsoron Allah, su sani cewa mutuncin Musulmi yana da alfarma kamar yadda dukiyarsu take da ita.

Allah Ya sa mu dace, amin.