RA'AYI: Tsohuwar motar tsere da amanar zamaninta

A watan Satumbar kowace shekara, filin tseren Goodwood da ke kudancin Ingila yakan cika da motocin da suka girmi akasarin masu kallonsu. An buɗe filin a 1948, aka daina gasa a cikinsa a 1966, sannan aka farfaɗo da shi a 1998 da bikin Goodwood Revival. Cikin tserukan da suka fi jan jama'a a wurin akwai na kofin St Mary's, inda ake fafatawa da motoci masu siffar motar gida, irin su Mini Cooper da Lotus Cortina da Jaguar da Alfa Romeo. Farin jininsu ya samo asali ne daga cewa irinsu magidanta suke shiga su je aiki da kasuwa a wancan zamani.

Sai dai akwai tambayar da ta daɗe tana yawo a garejojin masu gyaran waɗannan motoci: motar da ke wucewa gaban jama'a, ita ce irin wadda aka yi tsere da ita a 1964, ko kuwa sabuwa ce da aka sanya wa tsohuwar riga? Amsar da ta dace ita ce a mayar da kowace mota kan ƙirar zamaninta, har da rauninta, a kuma taƙaita sassauci ga abin da ya shafi kare rai kawai. Duk wanda ya ƙara wa tsohuwar mota gudun da ba ta taɓa yi ba, ya shirga wa tarihi ƙarya, ko da fentinta ya yi daidai da na hoto.

Tun asali wannan fanni a kan takarda aka gina shi. A shekarun 1960, kafin kamfani ya shigar da mota rukuni na biyu na hukumar FIA mai kula da wasannin motoci ta duniya, sai ya ƙera aƙalla guda 1,000 irinta cikin shekara guda. Daga nan a rubuta mata takardar shaidar ƙira, mai ɗauke da nauyinta, girman injinta, irin kafiretarta da birkinta. Mutanen wancan lokaci ba su ɗauki takardar da wasa ba. A tseren Monte Carlo na 1966 motocin Mini ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, amma aka soke nasararsu saboda ƙwan fitilarsu ya saɓa wa ƙa'ida, aka miƙa kofin ga motar Citroën. Har yau magoya bayan Mini ba su huce ba. Idan har ƙwan fitila ya isa ya ƙwace kofi a 1966, babu hujjar a kau da kai yau daga injin da aka sauya wa 'yan ciki gaba ɗaya.

Dokar da ke tafiyar da tseren tsofaffin motoci a yanzu ita ce wadda FIA ta kira Appendix K. Ta kasa motoci zamani-zamani da haruffa, inda harafin F ya ƙunshi na 1962 zuwa 1965. Motar da ta cika sharaɗi akan ba ta fasfon fasaha da ake kira HTP, kuma a yawancin gasannin wannan rukuni tayoyin Dunlop masu tsohon zane ake wajabtawa, waɗanda riƙonsu bai kai na tayar zamani ba. Abin lura shi ne fasfon yana shaidar cewa motar ta dace da ƙirar zamaninta ne kurum. Ba ya tabbatar da cewa ita ce ainihin wadda ta fito daga masana'anta a wancan lokaci, don haka motar da aka haɗa bara da sabon ƙarfe tana iya samunsa.

Lotus Cortina ta isa misali na wahalar wannan aiki. Da ita Jim Clark ya lashe gasar motocin gida ta Birtaniya a 1964, kuma hotunansa yana shan kwana da tayar gaba ɗaya a sama sun zama tambarin zamanin. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,558, da kafireta biyu ƙirar Weber, kuma ta kan titi tana ba da ƙarfin doki 105. Na farko-farko an yi musu ƙofofi da bonet da murfin but da alminiyam don rage nauyi. An kuma ɗora bayansu kan sifirin mai naɗi da wani ƙarfe mai kusurwa uku, tsarin da ya riƙa ba da matsala har aka koma wa sifirin mai falle-falle a 1965. Bakaniken kirki yakan zauna da takardar shaida da tsofaffin hotuna, ya tantance siffar da motar take da ita a shekarar da ya nufa, ya tsaya a kanta. Wannan aiki ne na haƙuri, mai cin watanni, kuma rabinsa karatu ne kafin a ɗauki sifana.

Jarabar tana ɓoye ne a inda ido ba ya kaiwa. Ƙarafunan yau sun fi na da inganci, injinan sassaƙa masu aiki da kwamfuta suna fitar da fistin da bawul daidai wa daida, kuma ana iya cusa kayan zamani cikin shakazoba mai tsohuwar siffa. Da haka injin yakan jure juyawar da a da za ta tarwatsa shi. Sakamakon bai tsaya ga gudu ba. Kuɗin shiga sahun gaba yana hauhawa, mai matsakaicin hali da ya gaji mota ko ya gyara ta da hannunsa yana komawa baya, shi kuma mai ainihin motar tarihi yakan gwammace ya kulle ta a gareji, maimakon ya kai ta a buge ta a gasa da kwafin da za a iya sake ƙerawa gobe. A ƙarshe jama'a sukan biya kuɗi su kalli tarihi, a nuna musu abin da ya yi kama da shi.

Masu sassaucin ra'ayi suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Tsatsa ba ta jin magani, kamfanonin da suka ƙera kayan gyara da yawa sun shuɗe, kuma motar da ake tsere da ita dole ta ci kaya. In aka hana sababbin sassa baki ɗaya, filayen za su zama wayam. Wannan gaskiya ne, amma maye gurbin abin da ya lalace da irinsa daban yake da maye shi da wanda ya fi shi. Wanda ya sassaƙa sabon fistin bisa awo da nauyin tsohon ya yi gyara. Wanda ya rage masa nauyi don injin ya ƙara juyawa ya yi sabuwar ƙira, kuma bai kamata ya fake da sunan gyara ba.

Inda sassauci ya zama wajibi shi ne tsaron rai. A Goodwood ɗin nan Stirling Moss ya yi hatsarin da ya kawo ƙarshen tserensa na ƙoli a 1962, a nan kuma Bruce McLaren ya rasu a 1970 yana gwajin mota. Ba mai hankalin da zai ce a cire kejin ƙarfe mai kare direba, ko bel mai ɗauri da yawa, ko na'urar kashe gobara, don kawai babu su a da. Haka ma matakin da masu bikin suka ɗauka a 2024, na wajabta man da akasarinsa ba daga rijiyar mai ya fito ba, bai taɓa amanar ƙira ba. Amma ko a nan sai an sa ido, domin kejin da aka yi wa walda a wurare da yawa yakan ƙara wa bodi tauri, motar ta fi iya shan kwana. Hujjar tsaro ma tana goyon bayan tsaurarawa ne, tunda filin da aka tsara don gudun 1966 bai dace da motar da ta zarce wannan gudu ba.

Abin da ya rage ga masu shirya gasa a bayyane yake. A riƙa auna nauyin motocin da suka yi nasara, a kwance injinansu a gaban alƙalai ba tare da duba girman mai su ba. A kuma rubuta a takardar shirin gasa wace mota ce ta asali, wace ce kwafi, domin mai kallo ya san abin da yake tafa wa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da jama'a suka daina yarda da abin da suke gani, darajar motocin da kansu za ta faɗi.

Maganar ta shafi Afirka ma. A 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da Peugeot 504, kuma tun 2003 ake gudanar da tseren Safari na tsofaffin motoci a Gabashin Afirka. Har yanzu akwai ragowar 504 a garejoji da bayan gidaje a Nijeriya. Duk wanda ya yi niyyar tayar da ɗaya, ya fara neman littafinta da lambar shasinta da ta injinta kafin ya kira mai walda da mai fenti.